Jiki Amana Ne: Jarumta Ko Ganganci?

Tambayar wannan mako ita ce: wanda ya gallabi jikinsa har zuciyarsa ta gaza, jarumi ne ko maci amana?

A fadamun Wurno da Goronyo, saurayi kan wuni yana ban ruwa cikin zafin bazara, ya ƙi hutawa don kada a ce masa rago. Haka ɗan kokawa a ƙasar Rabah kan ɓoye ciwon ƙirji saboda kirarin makaɗa.

Likitoci sun tabbatar motsa jiki daidai wa daida yana ƙarfafa zuciya. Amma idan gumi ya yi yawa, ruwan jiki kan ragu, sai zuciya ta ƙara bugu. Mai ɓoyayyen ciwo a cikinta yana iya faɗuwa farat ɗaya. Haka Samuel Okwaraji ya faɗi ya mutu a filin ƙwallo na Legas a 1989, yana ɗan shekara 25.

Musulunci bai hana wasan ƙarfi ba, domin Annabi (S.A.W.) ya yi tsere da Nana A'isha. Amma ya hana Abdullahi ɗan Amr azumi kullum, ya nuna masa jikinsa yana da hakki a kansa. To, idan ibada ma ba ta halatta cutar da jiki ba, ina ga neman suna?

Saboda haka wanda ya ji jiri, ko ciwon ƙirji, ko sarƙewar numfashi, ya tsaya ya nemi likita. Wannan riƙon amana ne, ba ragwanci ba. Allah Ya kiyaye bayinSa, amin.