Taimakon Baƙo Da Haƙƙin Mai Gida

Akwai wata tambaya wadda ya kamata kowane mai hankali ya juya ta a zuciyarsa, ko da bai taɓa taka ƙofar jami'a ba. Idan mutanen wata ƙasa suka kawo mana gudummawa don gina manyan makarantunmu, suka aiko da malamai da littattafai da kuɗi, wa ya cancanta ya faɗi abin da za a koya wa 'ya'yanmu a ciki? Mai bayarwa ne, ko kuwa mai karɓa?

Jami'a dai ita ce makarantar ƙoli, inda ake horar da likita da alƙali da malamin gona da injiniya. Manhaja kuwa ita ce jerin darussan da aka tsara ɗalibi zai bi tun daga shigarsa har fitarsa. Kada manomi a Gummi ko mai kiwo a Bukkuyum ya ce wannan magana ta manya ce, ba ruwansa. Likitan da zai duba ɗansa gobe, abin da aka zuba masa a manhaja shi zai zo da shi. In an koya masa cututtukan ƙasarmu, ya gane su. In ba a koya masa ba, sai ya yi ta lalube.

Da farko sai mu kawar da wani kuskure. Waɗansu suna ganin neman ilmi wurin baƙo ƙasƙanci ne. Tarihinmu bai yarda da haka ba. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda ya yi shekaru kamar biyar yana karantarwa a ƙasar Zamfara, shi kansa sai da ya bi malaminsa Malam Jibrilu har Agadas. A 1934, zamanin Sarkin Kano Abdullahi Bayero, da aka buɗe makarantar horar da alƙalai a Kano, daga Sudan aka ɗauko malamanta. Ba wanda ya ce an yi abin kunya, zama hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Amma a lura, a duka biyun nan mai nema ya san abin da yake nema tun kafin ya miƙa hannu. Nan ne gaɓar maganar take.

To, bari mu duba yadda jami'a ta zo mana. A 1948 aka buɗe Kwalejin Jami'a ta Ibadan, a ƙarƙashin kulawar Jami'ar Landan. Manhaja sai da yardar Landan, takardar shaidar digiri ma ta Landan ce. Wannan ya sa karatun ya yi ƙarfi, duniya ta yarda da shi. Amma yana da nasa aibi. Ɗalibin tarihi ya fi jin labarin sarakunan Turai da na Turawan da suka shigo Afirka, bisa ga labarin Gobir da Kabi da Zamfara. Sai da masana irin su Kenneth Dike suka tashi tsaye kafin tarihin Afirka ya sami mazauni sosai a manhaja.

Da mulkin kai ya gabato, a 1959, Gwamnati ta kafa kwamiti ya duba bukatun ƙasa wajen ilmi mai zurfi. Shugabansa Sir Eric Ashby ne, mutumin Ingila. Mutum tara ne a ciki: uku daga Nijeriya, uku daga Ingila, uku daga Amurka, cikinsu har da Shettima Kashim na Barno. Wata gidauniyar Amurka mai suna Carnegie ta biya kuɗin aikin. A 1960 suka miƙa rahotonsu, suka ba da shawarar a kafa jami'a a Arewa. Ran 4 ga Oktoba 1962 aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya. Shugabanta na farko, Norman Alexander, mutumin New Zealand ne. A 1966 ya miƙa ragama ga Dokta Ishaya Audu, ɗan ƙasa. Jami'ar Jihar Kansas ta Amurka ta aiko da malamai suka taimaka wajen kafa sashen noma da na likitan dabbobi, aka kuma tura samarinmu can suka ƙaro ilmi suka dawo suka karɓi aikin. Duk wanda likitan dabbobi ya taɓa ceto masa garke, yana da rabo cikin wannan alheri, ko ya sani ko bai sani ba. Butulci ne a musa shi.

Amma ga wani labari daga Samaru, kusa da Zariya, wanda ya fi kowane wa'azi bayyana abin da muke nufi. An daɗe masana aikin gona suna ba da shawara cewa manomi ya shuka iri ɗaya tak a gona ɗaya, kamar yadda ake yi a Turai da Amurka. Manomanmu kuwa suka ci gaba da haɗa gero da dawa da wake a gona guda, yadda suka gada. Aka yi ta ce musu masu taurin kai. Daga 1965 sai wani Bature, David Norman, tare da abokan aikinsa 'yan ƙasa, da taimakon kuɗin gidauniyar Ford, suka ɗauki wata hanya dabam. Suka shiga ƙauyukan Hanwa da Doka da Ɗan Mahawayi, suka riƙa bin manoma gona, suna rubuta yawan aikin da aka yi da yawan amfanin da aka samu. Da aka yi lissafi, sai ga shi manomi yana da hujja. Haɗa shuka ya fi ba shi riba bisa ga wahalarsa, ya kuma fi tsare shi daga yunwa, domin in damina ta ƙi wani iri, wani ya yi. Haka kuma aka gane dalilin da ya sa manomi ke jinkirta shukar auduga: yana so ya ga abincin gidansa ya kama ƙasa tukuna. Wannan bincike ya taimaka ƙwarai wajen sauya yadda ake koyar da aikin gona a Zariya da ƙasashe da yawa.

Ka ga a nan kuɗin na baƙo ne, dabarar lissafin ma ta baƙo ce. Amma tambayar daga gonar talaka ta fito, shi ya sa aikin ya yi albarka. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Baƙo na iya zuwa da ciyawa mai kyau da igiya mai ƙarfi, amma in bai tambayi mai ɗaki ba, sai ya yi ta jinka inda ba ya zuba.

Akwai kuma taimakon da ke zuwa da igiya a wuya. A 1990 Bankin Duniya ya amince ya ba Nijeriya rancen dala miliyan 120 don gyaran jami'o'in Tarayya, bisa sharuɗɗa, cikinsu har da rage ma'aikata da tsuke kashe kuɗi. Malamai da ɗalibai suka yi ta ƙorafi, suna cewa an mai da mai gida ɗan kallo a gidansa. Hausawa sun ce wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Duk da haka, adalci ya sa mu faɗi ɗaya gefen. Mai ba da dukiyarsa yana da haƙƙin ya tambayi inda ta shiga, kuma da mun riƙe jami'o'inmu da kyau lokacin da kuɗin man fetur ke shigowa, da ba mu kai ga wannan matsi ba. Bankin nan dai shi ne a 2014 ya tallafa wa cibiyar binciken noma a ƙasa mai ƙarancin ruwa ta Jami'ar Bayero a Kano, wadda jami'ar ta riga ta kafa, domin ta ga abin da ya dami manoman yankinta. Mai bayarwa ɗaya ne, amma yadda aka tarye shi ya bambanta.

Yanzu sai mu dawo gida, ga abin da ya faru a ƙasar Anka da Bukkuyum, wanda har yau iyaye da yawa ba su daina jin zafinsa ba. Da zinariya ta yi tsada a kasuwannin duniya, mutanen ƙauyuka suka duƙufa haƙarta. Suna kawo duwatsun cikin gida, ana dakawa ana niƙawa a tsakar gida inda yara ke rarrafe. Ashe duwatsun cike suke da dalma, ƙurarta kuwa guba ce, ta fi kama ƙananan yara. A farkon 2010 yara suka riƙa suma suna mutuwa a 'Yargalma da Dareta da Abare da Sunke da waɗansu ƙauyuka, aka yi ta zaton zazzaɓi ne ko sanƙarau. Ƙungiyar likitocin nan ta duniya, MSF, ita ta lura da yawan sababbin kaburburan yara, ta aika da jini waje aka auna, aka tabbatar gubar dalma ce. Yara fiye da 400 suka rasu.

Gudummawa ta zo daga wurare da yawa. Hukumar Lafiya ta Duniya da hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka suka aiko da masana. Wani kamfanin Amurka mai suna TerraGraphics ya nuna yadda za a kankare ƙasar da ta gurɓata a tsakar gidaje, a binne ta nesa, a zubo sabuwa, ma'aikatan Jiha da samarin ƙauyukan suka yi aikin da hannunsu. A 2013 aka tsabtace Bagega. Dubban yara suka sha maganin da ke fitar da dalma daga jini. Wanda duk ya raina wannan taimako bai san ciwon rashin ɗa ba.

Amma baƙo raɓa ne. A 2022 likitocin nan suka miƙa aikin ga hukumomin Jiha. Dalma kuwa tana nan a cikin dutse, talauci yana nan, zinariya ba ta daina jan mutane ba. A 2015 ma irin wannan annoba ta ɓulla a ƙaramar hukumar Rafi ta Jihar Neja, ta kashe yara. Saboda haka tambayar da ta rage mana ita ce: ilmin da baƙin nan suka zo da shi, ya sami wurin zama a makarantunmu, ko ya bi su ya tafi? Yadda ake gane gubar dalma a jikin yaro, yadda ake auna ƙasa, yadda ake jiƙa dutse kafin niƙa don kada ƙura ta tashi, yadda mahaƙi zai wanke jiki ya sake tufa kafin ya shiga gida, duk waɗannan darussa ne da aka saya da rayukan 'ya'yanmu. In ba su shiga manhajar likita da malamin asibiti da injiniya da malamin makaranta ba, to mun karɓi magani mun bar sanin magani. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Ƙofa kuwa a buɗe take. A ƙarshen 2022 Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ta fito da sabon tsarin manhaja. Ita ta tsara kashi 70 cikin 100, ta bar wa kowace jami'a kashi 30 ta cika da abin da ya dace da yankinta. Muna da Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato tun 1975, da Jami'ar Tarayya a Gusau tun 2013, da ta Jiha a Talatar Mafara tun 2018. Wannan kashi 30 tamkar gona ce aka yanka mana. In muka shuka tambayoyinmu a ciki, watau dalmar Bagega, da ambaliyar fadamar Gummi, da rikicin gona da burtali, da zaman lafiyar ƙauye, sai baƙon da ya zo taimako ya tarar da aiki a shimfiɗe, ya kama mana inda muka nuna. In muka bar ta saura, wani zai shuka abin da ya ga dama, ba kuwa za mu ga laifinsa ba.

Daga nan za mu iya fitar da ma'auni uku na gane taimakon kirki. Na ɗaya, wa ya kawo tambayar da ake neman amsarta? Na biyu, an horar da ɗan gida wanda zai riƙe aikin, kamar yadda Alexander ya miƙa wa Ishaya Audu? Na uku, in kuɗin baƙo ya ƙare, mun shirya ci gaba da namu? Taimakon da ya cika ukun nan, a karɓe shi hannu biyu, a yi godiya. Wanda ya rasa su, kayan aro ne, ba ya rufe katara.

Wani zai ce ilmi ai ɗaya ne a duniya, biyu da biyu huɗu ne a Landan, huɗu ne a Anka, don me za a ce a yi manhajar gida? Gaskiya ne, kuma ba mu so a ba 'ya'yanmu ilmi mai rauni da sunan na gida. Dole likitanmu ya san abin da likitan ko'ina ya sani. Sai dai kwanakin ɗalibi ƙidayayyu ne, ba za a koya masa kome da kome ba, tilas a zaɓa. Zaɓen nan kuwa amana ce, kuma wanda zai zauna da sakamakonsa shi ya fi cancanta ya sa baki a ciki. Don haka amsar tambayarmu ta farko ita ce, haƙƙin faɗin abin da za a koya na mai gida ne, amma haƙƙi ne mai tafe da nauyi. Wanda bai san abin da yake so ba, ba shi da bakin zargin wanda ya zaɓa masa.

Kai kuma mai karatu, da ka koyi baƙi da girmanka, kana da naka rabo a wannan aiki. Manoman Hanwa da Doka ba su da digiri, amma abin da suka sani ya gyara karatun masu digiri. Kai ka fi su da abu guda, domin kana iya rubutawa. Rubuta abin da kake gani a ƙauyenku: ciwon da ke yawan kama yara, watan da rijiya ke ƙafewa, irin da ya jure fari da wanda bai jure ba. In ɗanka ko ɗan maƙwabcinka ya dawo hutu daga jami'a, zaunar da shi, ka tambaye shi abin da aka koya masa game da waɗannan. In ya ce ba a koya ba, ba shi takardar ya kai wa malaminsa. Allah ya ba mu ilmi mai amfani, ya kuma ba mu hikimar karɓar alheri ba tare da mun saki namu ba, amin.