Laifin Uwa Ko Laifin Tsari?

Larabawa sun ce a binciki maƙwabci kafin a sayi gida. A Amurka kuwa, makarantar unguwa magidanci yake fara bincika, domin galibi adireshin gida ke yanke makarantar gwamnatin da yaro zai shiga, kuma kaso mai yawa na kuɗin makarantun daga harajin gidajen yankin yake fitowa. Inda gidaje suke da tsada makaranta takan wadata, inda talakawa suka taru kuwa sai ta tagayyara. A 1973 Kotun Ƙolin ƙasar, da rinjayen alƙalai 5 a kan 4, ta ce wannan bai saɓa wa tsarin mulki ba.

To, a 2011, a gundumar Samit ta jihar Ohayo, an ɗaure wata uwa kwana 9 saboda ta ba da adireshin mahaifinta domin 'ya'yanta mata biyu su shiga makarantar wata unguwa. Ƙarya dai ƙarya ce, kyakkyawar niyya ba ta wanke ta, kuma masu biyan harajin can suna da haƙƙinsu. Amma wanda ya tsaya a nan bai cika adalci ba. Mai hali yakan sayi gida da makaranta a ciniki ɗaya, har a yaba masa da hangen nesa, alhali abin da matar nan ta nema ke nan, kuɗin ƙaura ne kawai ba ta da shi. Daga baya gwamnan jihar, John Kasich, ya sassauta hukuncinta, amma iyakar da ta ƙetare ba a gusar da ita ba.