Sunan Gari da Hakkin Waɗanda Suka Riga

Malamai sun daɗe suna tattauna ko ya halatta mai iko ya sauya sunan garin da ya tarar, kuma hujjar masu halattawa ita ce Manzon Allah (SAW) ya hana a ci gaba da kiran birninsa Yasriba, kalmar da ake dangantawa da zargi, aka koma kiransa Madina da Ɗaiba. Sai dai bai taɓa sunan Makka ko Ɗa'ifa ko Haibara ba, wanda ke nuna cewa munin ma'ana shi ne dalilin sauyin.

Tarihin Gobir ya dace da wannan ma'auni. Lokacin da Sarkin Gobir Babari ya kafa hedikwatarsa a ƙasar Zamfara a tsakiyar ƙarni na 18, an ruwaito cewa filin na alƙalin Zamfara ne, kuma Gobirawa, duk da cewa sun ci Zamfarawa da yaƙi, sun bar birnin yana amsa sunan Alƙalawa. Bayan faɗuwar Alƙalawa a hannun masu jihadi a 1808 da mutuwar Sarkin Gobir Yunfa, su ma sababbin masu mulki ba su shafe sunan Gobir ba, shi ya sa har yau sarkin Isa, wanda ya fito daga zuriyar Muhammadu Bello, ke riƙe da sarautar Sarkin Gobir. Gobirawan da suka ƙi miƙa wuya suka kafa Tsibiri kusa da Maraɗi bayan yaƙin Gawakuke na 1836, daga can kuma wani daga cikinsu mai suna Ɗan Halima ya ɓalle ya gina Sabon Birni, sunan da ba ya da ma'ana sai ga wanda ya san akwai tsohon birni da aka rasa.

Abin da ya fi ciwo shi ne sauyin da ya zo ba tare da dalili ba. Tsibiri a Hausa tudu ne da ruwa ya kewaye, amma Faransawa suka rubuta Tibiri a taswirarsu, ma'anar ta salwanta a takardun hukuma, ko da yake bakin Bagobiri bai daina faɗin Tsibiri ba.

Sunan gari shaida ce a kan wanda ya fara sare daji ya haƙa rijiya, kuma Alƙur'ani ya yi hani da ɓoye shaida. Saboda haka hukumar da za ta laƙaba wa wata unguwa ko ƙauye sunan wani babba tana da nauyin tambayar dattawan wurin, ta kuma rubuta tsohon sunan da asalinsa kafin ta kafa sabon allo.