Gona Ba Ta Haihuwa, Mu Ne Muke Haihuwa

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, sallallahu alaihi wa sallam. Bayan haka, ya ku 'yan'uwa samari, ku saurara.

Ƙidayar 1991 ta ba Jihar Kano mutum miliyan 5.8, ta 2006 ta ce mun haura miliyan 9. To, ƙasar noman Bichi da Dambatta ta ƙaru? Ko taƙi ɗaya! Gonar da kaka ya noma shi kaɗai, yau jikoki sun raba ta gado, kowa ya tashi da 'yan kunyoyi.

Wasu na cewa 'ya'ya ne talauci. A'a, arziki na Allah ne. Amma tawakkali ba zaman kashe wando ba ne. Jahilci da almubazzaranci su ke cin mu. Mutum ya jinginar da gona don lefe da makaɗa, ya karyar da gero da kaka don shagalin suna, da bazara ya dawo yana cin bashi da ruwa. Wannan Sunna ce? Wallahi ba ita ba ce! Annabi Yusufu, alaihis salam, shekara bakwai ya yi yana tanadin hatsi kafin yunwa. Mu farin 1973 bai ishe mu wa'azi ba?

Saboda haka, kada ku sayar da gado. Ku kai taki gona. Ga ruwa a dam ɗin Watari da na Tomas, ku yi noman rani maimakon cin rani. Ku koyi sana'a kafin aure, ku fitar da zakkar hatsi, ku ilmantar da 'ya'ya, maza da mata.

Allah Ya sa mu dace, amin.