Ran Mutum Ya Fi Kuɗin Bindiga



Ran 28 ga Afrilu, 1996, mutum guda ya kashe mutane 35 a Port Arthur, cikin ƙasar Ostareliya. Bindigogin da ya ɗauka irin masu ɗura wa kansu harsashi ne, mai harbi ba ya tsayawa, jan kunama kawai yake yi. Kafin mako biyu su cika, Firayim Minista John Howard da shugabannin jihohi suka daidaita cewa a hana farar hula mallakar irin waɗannan bindigogi, gwamnati kuma ta saye waɗanda ke hannun mutane ta lalata su. Aka tattara fiye da 600,000. Aka ƙara wa jama'a ɗan haraji na shekara ɗaya domin a biya masu su.

Ƙasar New Zealand ta bi wannan hanya a 2019, bayan an kashe Musulmi 51 a masallatai biyu a birnin Christchurch. Amurka kuwa ta hana sayar da wasu irinsu a 1994, amma wa'adin dokar ya ƙare a 2004. Bishop-bishop na Katolika a can sun sha roƙon a maido da ita.

Mu ma ba baƙi ba ne ga wannan baƙin ciki. Ran Lahadin Fentikos ta 2022, 'yan bindiga sun kashe 'yan'uwanmu da dama suna cikin Misa a garin Owo.

Mu lura da yadda aka raba nauyin a Ostareliya. Manoma da maharba da yawa sun yi fushi, gama ba su taɓa cutar kowa ba, duk da haka suka miƙa abin da doka ta hana. Wanda bai taɓa riƙe bindiga ba shi ma ya biya rabonsa. Kowa ya rasa wani abu domin maƙwabcin da bai sani ba ya rayu. Haka ƙaunar maƙwabci take, ba ta zuwa kyauta.

Wani zai ce, idan na ajiye tawa, ɗan fashi zai ajiye tasa? Ba ma raina wannan tambaya. Ikilisiya tana koyar da cewa mutum yana da hakkin kāre ransa da na iyalinsa. Tana kuma koyar da cewa hukuma tana da hakki da nauyi ta tsara yadda ake ƙera makamai da sayar da su. Saboda haka hukumar da ta karɓi bindigar talaka ta ɗauki bashi a gaban Allah: wajibi ne ta tsare shi, ta kuma fara ƙwace ta hannun mai laifi.

A Getsamani, Ubangijinmu ya umarci Bitrus ya mai da takobinsa cikin kube, ko da yake saboda ƙauna ya zare shi. Mu goyi bayan kowace doka ta adalci mai rage makaman yaƙi a gidajen mutane. Mu tambayi masu neman ƙuri'armu yadda za su tsare mu. Iyaye mu ja kunnen 'ya'yanmu kada su yi wa masu fataucin makamai dako ko ajiya.

Allah ya ji ƙan waɗanda suka mutu, ya ta'azantar da iyalansu, ya ba shugabanninmu hikima. Amin.