Aikin da Idon Mutum Bai Gani Ba

Akwai tambayar da ya kamata mu yi wa kanmu: idan babu mai ganinmu, kuma babu mai kama mu, me zai sa mu yi aiki da gaskiya? Magini ya san yawan simintin da ya zuba a cikin bulo, mai gida bai sani ba. Mai awo ta san ko gindin mudunta a lotse yake. Malami ya san ko ya karanta amsar ɗalibi kafin ya ba da maki. Yawancin aikinmu a ɓoye ake yinsa, a nan ne kuwa ake gwada mu.

Waɗansu suna ɗaukar aiki a matsayin la'ana. Amma Littafin Farawa ya nuna cewa Allah ya sa Adamu a gonar Adnin domin ya noma ta ya kuma kiyaye ta tun kafin ya yi zunubi. Zunubi wahala ya ƙara wa aiki; shi kansa aikin baiwa ce. Ubangijinmu Yesu ya yi kusan shekara 30 a ɓoye, yawancinsu a Nazarat, har mutanen garin suka san shi da sassaƙa. Domin a tuna mana da wannan daraja ne Paparoma Pius na 12 ya keɓe ranar 1 ga Mayu a shekarar 1955 ta zama idin Yusufu Mai Tsarki Ma'aikaci.

A shekarar 1981 Paparoma Yohanna Bulus na 2 ya rubuta wasiƙa a kan aikin ɗan Adam, mai suna Laborem Exercens. Ya koyar da cewa darajar aiki tana fitowa ne daga mutumin da ke yinsa, kuma ta wurin aiki mutum yana gina kansa. Ga amsar tambayarmu ke nan. Maginin da ya rage siminti ya gina abu biyu a rana ɗaya: katanga marar ƙarfi, da kuma zuciya da ta saba da ha'inci. Katangar ana iya rushe ta a sake. Hali kuwa zanen dutse ne.

Wani zai ce: "Ni da ba a biya ni albashi ba wata da watanni, yara suna jin yunwa, ni za a yi wa wa'azin gaskiya?" Wannan kuka ne na gaske, Ikkilisiya kuma ba ta toshe kunne ba. Tun a 1891 Paparoma Leo na 13, a wasiƙarsa Rerum Novarum, ya ce dole ladan ma'aikaci ya ishe shi zaman mutunci, kuma ma'aikata suna da 'yancin kafa ƙungiya. Manzo Yakubu ya gargaɗi mawadata cewa kukan ma'aikatan da aka danne wa haƙƙi yana kaiwa ga Allah. Saboda haka duk wanda a cikinmu yake da ɗan aiki a gida, a gona ko a shago, ya biya shi cikakke kuma a kan lokaci.

Sai dai mu lura da wanda ha'inci ke faɗa wa. Idan malami ya yi sakaci domin ba a biya shi ba, ɗan talaka ne zai fita ba ilimi. Idan mai awo ta tauye mudu, gwauruwa ce za ta koma gida da ragowa. Zaluncin da aka yi mana bai ba mu izinin zaluntar wanda ya fi mu rauni ba. Mu nemi haƙƙinmu a fili, da murya ɗaya, mu bar aikin hannunmu da tsabta.

Kowace Lahadi muna kawo gurasa da ruwan inabi gaban bagade, su kuwa amfanin ƙasa ne da gumin mutum. Tare da su muke miƙa aikinmu na mako. Kafin mu tashi zuwa baiko, bari kowa ya tambayi kansa ko abin da ya yi daga Litinin zuwa Asabar ya cancanci a ɗora shi a wurin. Yusufu Mai Tsarki, ka yi addu'a dominmu.