Niyya Mai Kyau Tana Wanke Mai Ba Da Magani Da Ka?

Duk wanda ya yi hunturu a Jos ya san daga Disamba zuwa Janairu babu gidan da ba a kusantar wuta. Kaskon gawayi yana tsakar ɗaki, ruwan wanka yana tafasa a kan risho, yara kuma suna kai da kawowa a ɗan filin da bai kai tabarma uku ba. Shi ya sa ƙuna ta fi yawa a wannan lokaci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ƙuna tana kashe kimanin mutum 180,000 a shekara, mafi yawansu a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi irin tamu.

Tambayata a yau ta shafi abin da ke biyo bayan ihun farko. Da yaro ya ƙone, kafin a ce kwabo maƙwabta sun cika gida, kowa da maganinsa. Wannan ta fasa ɗanyen ƙwai, waccan ta kawo man ja, wani ya ce makilin, wani gishiri, wani ma baƙin man inji. Wallahi duk cikinsu babu mai mugun nufi, tausayi ne ya kawo su. To amma idan ciwon ya ruɓe, hannu ya ƙanƙance, shin za mu ce ƙaddara ce kawai mu shafa fatiha, ko akwai hakki a wuyan wani?

Mu fara da abin da likitoci suka gano. Zafi ba ya barin fata nan take, yana ci gaba da cin nama ko bayan an janye yaro daga wuta. Abin da bincike ya tabbatar yana rage wannan ɓarna shi ne ruwa mai sanyi, mai tsafta, a riƙa kwarara shi a wurin har minti 20. Ba ƙanƙara ba, don ita ma tana lalata fata. A cire zobe da awarwaro kafin wurin ya kumbura, kada a fizge tufar da ta manne, kada a fasa bororo. A rufe da ƙyalle mai tsafta, a lulluɓe sauran jikin yaron saboda sanyin garin nan. Shi kuwa mai yana riƙe zafi ne a ciki, ƙwai da toka kuma suna iya shigar da ƙwayoyin cuta, sannan sai ma'aikatan asibiti sun kankare su kafin su ga zurfin ciwon. Wannan kankarar azaba ce ta biyu ga yaron.

Game da tabo kuma, an gano cewa ƙunar da ta warke cikin mako biyu ba ta cika barin mummunan tabo ba, amma wadda ta haura mako uku ita ce ke yin tudu, ta ja fata. Baƙar fata irin tamu ta fi saurin yin irin wannan tabo. Idan a gaɓa ne, yatsu kan manne, wuya ko gwiwar hannu su ƙi miƙewa, sai an yi fiɗa. Ka ga ke nan duk abin da ya jinkirta warkewa yana da hannu a tabon da mutum zai rayu da shi.

Wani zai ce, Malam, ai zuma tana cikin Alƙur'ani. Haka ne, an ambace ta da waraka a Suratun Nahl, kuma bincike bai ƙaryata ba. A 1988 wani likitan fiɗa a asibitin koyarwa na Kalaba, Spencer Efem, ya wallafa cewa ya yi wa mutum 59 masu miki da gyambo magani da zuma, 58 suka sami sauƙi sosai. Amma a lura, likita ne ya yi, a asibiti, yana duba ciwon. Binciken baya kuma ya nuna zuma tana taimakon ƙunar da ba ta yi zurfi ba, mai zurfi kuwa dashen fata da wuri ya fi mata. Mu 'yan kasuwa kuma mun san ba duk abin da ke cikin kwalba ne zuma ba, wata sukari ce aka dafa.

To ina hukunci? Ba ma musun ƙaddara, babu abin da ke samun bawa sai da sanin Allah. Sai dai ƙaddara ba ta ɗauke wa mutum alhakin abin da hannunsa ya aikata. Akwai hadisi a littafin Abu Dawud da malaman fiƙihu suka kafa hujja da shi, cewa wanda ya shiga yi wa mutane magani alhali ba a san shi da sanin magani ba, shi ke da lamunin ɓarnar da ta auku. Niyya mai kyau tana raba mutum da zunubin ganganci, amma ba ta mayar da jahilci ya zama ilimi. Ko a kasuwa, idan na ba ka shawara da zuciya ɗaya a kan hajar da ban sani ba, jarinka ya karye, kyakkyawar niyyata ba za ta cika maka shago ba. Jikin yaro kuwa ya fi jari.

Na san abin da ke hana mutane zuwa asibiti, kuɗi ne. Wannan uzuri ne na gaske, ba na raina shi. Amma ruwa na minti 20 ba ya buƙatar kuɗi mai yawa. Idan kuma ƙunar ta fi tafin hannun wanda ya ƙone, ko ta taɓa fuska, hannu, gaɓa ko al'aura, ko jariri ne, to a nufi JUTH da ke Lamingo, ko Plateau Specialist, ko Jankwano, a ranar. Maƙwabtan da suka iya cika ɗaki da ƙwai da man ja za su iya haɗa kuɗin keke da na kati. Wannan shi ne taimakon da ba ya cutarwa.

Wanda kuma tabo ya riga ya same shi, hakkinsa a kanmu bai ƙare ba. Kada a laƙaba masa suna, kada a bar yara su yi masa dariya a Islamiyya, kada a mayar da shi abin nuni ranar neman aure. Mai yiwuwa wani ɓangare na tabon nan aikin hannun masoyansa ne. Allah Ya tsare mana zuri'a, Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, amin.